Me ya sa shiri ke aiki a laftof amma ya ƙi tashi a kan saba?

Duk shekara idan lokacin kare aikin kammala karatu ya matso, ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Sakkwato sukan zo da kuka iri ɗaya. Na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ko na kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, maganar ba ta sauyawa: shafin yana aiki lafiya lau a laftof, an ɗora shi a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, sai burauza ta fito da farin allo da lambar kuskure 500. Irin kukan nan ake ji wajen matasan da ke gina wa makarantun kuɗi shafin duba sakamako, da masu haɗa wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya. Idan aka buɗe kundin kurakurai na sabar, galibi layi ɗaya ake tararwa can ƙasa. A harshen rubuta shiri na Python yakan ce ModuleNotFoundError: No module named 'flask'. A Perl, Can't locate DBI.pm in @INC. A PHP kuwa, Failed opening required.

Wanda ya ga haka, abin da yake fara zato shi ne modul ɗin, wato guntun kod ɗin da shirin ke nema, ba ya kan sabar, sai ya yi ta sake girka shi. Sau da yawa kuwa modul ɗin yana nan daram. Shirin ne bai duba inda yake ba, kuma ba zai taɓa dubawa ba sai an faɗa masa.

Idan shiri ya ce import wani abu, Python ba ya bin kwamfuta lungu-lungu yana nema. Yana da jerin foldoji a hannunsa, sunan jerin sys.path, kuma su kaɗai yake dubawa, ɗaya bayan ɗaya daga sama. Kamar ka aiki yaro ne ya sayo maka zare, ka ce masa ya fara da shagon bakin layi, in babu ya wuce Tsohuwar Kasuwa, in babu ya tafi Babbar Kasuwa. Inda ya fara samu nan zai saya ya juyo, ko da na gaba ya fi kyau. In kuma duk ukun babu, hannu biyu zai dawo, ko da zaren na jibge a gidan maƙwabcinka, domin ba ka ambata masa gidan ba. Daga nan matsaloli biyu suke fitowa: wurin da ba ya cikin jeri tamkar babu shi ne, sannan wanda ke sama a jeri yana rufe wanda ke ƙasa. Perl na da irin wannan jeri mai suna @INC, PHP na da include_path.

To wa ke rubuta jerin? Python da kansa yake haɗa shi a daidai lokacin da yake tashi. Yakan fara sa foldar da fayil ɗin da aka tayar yake ciki. Sai abin da ke cikin PYTHONPATH, saitin da mutum ke ƙara foldoji da shi, idan an saka wani abu. Sai laburaren da ya zo tare da Python ɗin. Daga ƙarshe sai site-packages, inda pip, manhajar girka kayan Python, ke sauke kayan da ka girka. A Debian da Ubuntu, na tsarin kwamfutar dist-packages ake kiransa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya dogara ne da wanda ya tayar da shirin, da wane Python ya tayar, da kuma daga ina. A laftof kai ne mai tayarwa. A kan saba ba kai ba ne, kuma nan ne tushen rikicin duka.

A Ubuntu da Debian, Apache, manhajar da ke miƙa shafuka ga burauza, yana gudanar da shirinka ne da wani asusu mai suna www-data. A dangin Red Hat sunan asusun apache. Wannan asusu ba ya zaune a foldar gidanka. Idan ka shiga sabar da asusunka ka buga pip install ba tare da keɓaɓɓen muhalli ba, pip, inda tsarin ya yarda masa, yakan ajiye kayan a ƙarƙashin .local cikin foldar gidanka. Kai idan ka tayar da Python za ka gan su, domin yana ƙara wannan wurin a jerin mai asusun. Shi www-data nasa gidan daban ne, /var/www, don haka jerinsa bai san da wurin ba. Haka layin export PYTHONPATH da ka rubuta a .bashrc: tagar umarni ce ke karanta wannan fayil idan ka buɗe ta, Apache da systemd, mai tayar da shirye-shirye a Linux, ba su leƙa shi ko kaɗan. Foldar da shirin ke tsaye a ciki ma ta sha bamban. Kai kana cikin foldar aikinka lokacin da kake gwaji, Apache kuwa sau da yawa daga tushen faifai yake tashi, wato /, saboda haka duk hanyar da ka rubuta a gajarce, irin lib/ ko ../kayan, wani wuri daban take nunawa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne mod_wsgi, mai haɗa Apache da Python, ba ya sa foldar wsgi.py, fayil ɗin da yake fara tayarwa, a cikin jeri da kansa. Shi ya sa za ka ga ya kasa samun modul ɗin da kai ka rubuta, alhali ga shi nan kusa da wsgi.py a folda ɗaya.

Na ga wannan ƙarara a wani shagon buga takardu da ke titin Emir Yahaya. Wani ɗalibi ne ya kawo laftof ɗinsa wajen mai shagon, wanda ya daɗe yana harkar saba, ya juya masa allon yana nuni da yatsa.

“Malam, wallahi na girka shi. Ga shi nan pip shina cewa akwai shi.”

“Akwai shi a ina? Karanta mini layin har ƙarshe.”

Yaron ya matso da fuskarsa ya karanta. Bayan Requirement already satisfied, layin ya ci gaba da nuna wurin: cikin .local, a foldar gidansa. Mai shagon bai taɓa ko harafi ɗaya a shirin ba. Ya buga umarni ɗaya tak, sudo -u www-data python3 -c "import flask", kuskuren nan ya fito sak kamar yadda yake a kundin Apache. Ya ce masa: “Ka gani, ɗan'uwa? Kai kana ganinsa, shi ba ya gani. Shi za mu nuna wa.”

A ganina wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa: kafin a gyara komai, a tambayi sabar abin da ita take gani. A Python, a sa layuka kaɗan a saman wsgi.py da za su rubuta sys.version da sys.prefix da sys.path da os.getcwd() zuwa sys.stderr, a sake tayarwa, a je a karanta a /var/log/apache2/error.log, ko /var/log/httpd/error_log idan dangin Red Hat ne. Sai a buga irin su a tagar umarni a jera amsoshin biyu. Inda suka saɓa, nan ciwon yake. A PHP, phpinfo() ke yin wannan aiki, kuma layin da ke nuna wane php.ini aka karanta shi ne abin dubawa, domin a Ubuntu na tagar umarni daban, na Apache daban, na FPM, wato PHP mai gudana a wajen Apache, daban. Sai dai a kula: bayanan nan a kundi ake zuba su, ba a fuskar shafi ba, kuma shafin phpinfo a goge shi da zarar an gama, don yana tona cikin sabar ga duk wanda ya san adireshin.

Idan an gano inda saɓanin yake, gyaran da nake ba da shawara a kansa ɗaya ne ga mai Python: kowane aiki ya samu keɓaɓɓen muhallinsa, sannan a faɗa wa sabar wurinsa a fayil ɗin saiti, wuri ɗaya, a rubuce. Tun Python 3.3 na shekarar 2012 venv, mai ƙirƙirar wannan muhallin, yake zuwa tare da harshen. Ga mai Apache da mod_wsgi, layuka uku ne ginshiƙin:

WSGIDaemonProcess makaranta python-home=/srv/makaranta/venv python-path=/srv/makaranta
WSGIProcessGroup makaranta
WSGIScriptAlias / /srv/makaranta/wsgi.py

python-home yana nuna tushen foldar venv ne, ba bin/python da ke ciki ba, ba kuma site-packages ba. A nan mutane da yawa suke zamewa. python-path kuwa foldar kod ɗinka ce. Layi na biyu ma ba ado ba ne. Idan aka manta shi, shirin zai ci gaba da gudana a cikin Apache kansa, saitin layin farko kuma ya zauna ba wanda ya amfana da shi.

Akwai wani tarko a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Shi mod_wsgi, wanda Graham Dumpleton ya fitar a 2007, ana haɗa shi ne da takamaiman sigar Python, kuma ba ya iya sauya ta daga baya. Na Ubuntu 22.04 da Python 3.10 aka haɗa shi. Idan ka girko Python 3.12 da kanka ka yi venv da shi, sannan ka nuna wa wancan mod_wsgi, ba za su jitu ba: ko dai ya kasa tashi gaba ɗaya, ko ya nemi kaya a lib/python3.10 alhali naka suna lib/python3.12. Apache yana rubuta sigar a kundinsa duk lokacin da ya tashi, a layin da ke ɗauke da mod_wsgi da Python da lambobinsu. Mafita biyu ce: ka yi venv da sigar da ya sani, ko ka girka mod_wsgi ta pip da sigar da kake so. Wannan na cikin dalilan da suka sa da yawa suka koma ga Gunicorn, mai gudanar da shirin Python, a bayan Nginx, wanda ke maye gurbin Apache. A can, fayil ɗin systemd ne ke ɗauke da komai: ExecStart ya nuna cikakkiyar hanyar gunicorn da ke cikin venv/bin, WorkingDirectory ya nuna foldar aiki. Ba a bukatar activate, domin Python ɗin da ke cikin venv yana gane gidansa daga wurin da aka kira shi.

Wata shawara da ke yawo a intanet tana cewa a sa SetEnv PYTHONPATH a saitin Apache. Ba ƙarya ba ce, amma ta wani zamani ce. A tsarin CGI, wanda ya samo asali a 1993 a cibiyar NCSA ta Amurka, duk buƙatar da ta shigo sai Apache ya tayar da sabon shiri, ya miƙa masa bayanan muhalli, don haka SetEnv yana isa kafin a haɗa jeri. A mod_wsgi kuwa Python ya riga ya tashi, jeri ya riga ya kammalu tun kafin baƙo na farko ya buɗe shafin. Abin da SetEnv ya ɗauko tare da kowace buƙata yake shigowa, bayan an gama. Ko a CGI ɗin ma ba kullum yake ci ba. Inda ake amfani da suEXEC, wanda ke sa Apache ya tayar da shiri da asusun mai shi, yana share duk bayanin muhallin da ba ya cikin jerin waɗanda ya amince da su, kuma Perl idan an tayar da shi da -T ba ya kula PERL5LIB. Shi ya sa masu Perl suka fi dogara da use lib a saman fayil, masu mod_perl kuma da PerlSwitches -I a saitin Apache.

Galibin ɗalibanmu da ƙananan 'yan kwangila ba su da saba tasu. Hostin na haɗaka mai cPanel, wato wuri a sabar da mutane da yawa ke rabawa tare da shafin sarrafa shi, suke saya saboda shi ya fi araha. A can ba a ba ka damar taɓa saitin Apache. Inda akwai maɓallin Setup Python App, wata manhaja mai suna Passenger ce ke gudanar da shirin, yana neman fayil mai suna passenger_wsgi.py, kuma yana ƙirƙira maka venv a foldar virtualenv cikin gidanka. A saman shafin akwai umarnin shiga wannan muhallin. Wanda bai kwafe shi ya buga ba kafin pip install, kayansa wani wuri suka tafi.

Sai maganar da tsadar data ke haifarwa, wadda na fi gani a nan gida. Mutum ya kashe kuɗi ya sauko da Django da sauran kaya a laftof ɗinsa mai Windows, sai ya ga asara ce a sake saukewa, ya dunƙule foldar venv gaba ɗaya ya ɗora. Ba za ta yi aiki ba. Ta Windows tana da Scripts da Lib, ta Linux tana da bin da lib/python3 da lambar siga. Fayil ɗin pyvenv.cfg yana nuna wani Python da ke faifan C wanda babu shi a saba. Kayan da aka haɗa da harshen C, irin Pillow da NumPy, fayilolinsu na Windows masu ƙarewa da .pyd ne, Linux kuwa .so yake karantawa. Abin takaicin shi ne hanyar da ta dace ta fi arha. Fayil ɗin requirements.txt 'yan layuka ne, shi kaɗai za ka ɗora, sabar ta sauko da kayan da intanet ɗinta, ba da datarka ba. Daga Windows ɗin nan ne kuma wasu ƙananan abubuwa biyu ke biyo mutum: Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami, don haka Models.py da models.py fayiloli biyu ne a wajensa, sannan a PYTHONPATH ɗigo biyu ke raba hanyoyi a Linux, a Windows kuwa ɗigo da waƙafi.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Wani lokaci hanyar daidai take, tana cikin jeri, amma www-data ba shi da izinin shiga foldar. Tun daga Ubuntu 21.04, foldar gidan sabon asusu da izinin 750 take zuwa, wato wanda ba mai ita ba kuma ba ɗan rukuninta ba ba ya iya ko ratsawa ta cikinta. Python idan ya kasa shiga folda, wucewa yake yi shiru, ya ce bai samu modul ba. Mutum ya gaji, gobe ne kare aiki, sai ya buga chmod -R 777, shafi ya tashi, ya yi hamdala. Amma abin da ya yi shi ne ya bar foldar da ake ɗauko kod daga cikinta a buɗe ga kowane asusu da ke sabar. Duk wanda ya iya ajiye fayil a foldar da ke cikin jerin nema, ya iya sa sabarka ta gudanar da umarninsa. Shafin makaranta yana ɗauke da sunayen yara, da hotunansu, da lambobin wayar iyayensu. Amana ce aka damƙa maka. Gyaran da ya dace bai fi minti biyu ba: a mayar da aikin /srv ko /var/www, www-data ya samu izinin karantawa da ratsawa kawai, izinin rubutu kuma a taƙaita shi ga foldar da ake ɗora hotuna, ita kuma kada ta taɓa shiga jerin nema. Umarnin namei -l yana nuna izinin kowace folda a kan hanya, daga tushe har fayil ɗin, nan take za ka ga inda aka toshe.

Masu kula da Perl da Python su ma sun ɗauki wannan da muhimmanci. Shekaru da yawa Perl yana sa foldar da ake tsaye a ciki a ƙarshen @INC, har aka nuna cewa shirin da aka tayar daga wuri irin /tmp, inda kowa ke iya rubutu, za a iya ɗana masa modul na bogi. A siga ta 5.26, shekarar 2017, aka cire ta, kuma tsofaffin shirye-shirye da yawa suka daina aiki sai da aka gyara su. Python 3.11 ma ya kawo zaɓin -P da PYTHONSAFEPATH don hana sa foldar fayil a saman jeri. Ko babu mugu a tsakani, matsayin sama yana iya cutar da kai: ka sa wa fayil ɗinka suna random.py ko email.py, sai ya rufe na laburaren Python, wani modul can daban ya fashe da kuskuren da ba ya kama da sanadinsa. Buga sunan modul ɗin da .__file__ yana nuna ainihin wanda aka ɗauko.

Game da sys.path.insert da ake cusawa a saman fayiloli, ban haramta shi ba. A hostin na haɗaka wani lokaci shi kaɗai ne abin yi. Sharaɗina shi ne ya zauna wuri ɗaya, a wsgi.py ko passenger_wsgi.py, kuma a lissafo hanyar daga __file__ maimakon a rubuta sunan foldar wani da hannu. Idan ya watsu a fayiloli goma, wanda zai gaji aikin bayan ka tafi bautar ƙasa zai sha wuya. Shi kuwa sudo pip install, a bar shi. Yana cakuɗa kayanka da waɗanda tsarin kwamfutar ke dogaro da su, shi ya sa tun 2023 Debian 12 da Ubuntu 23.04 suke ƙin yarda, su ce externally-managed-environment. Wannan saƙo venv yake nema daga gare ka, ba a danne shi da --break-system-packages ba.

Mai PHP nasa ya fi sauƙi a yau. Composer, manhajar girka kayan PHP da ta fito a 2012, yana ajiye komai a foldar vendor, layi ɗaya kuma ya isa: require __DIR__ . '/vendor/autoload.php'. Da __DIR__ ba ruwanka da inda sabar ke tsaye. Tsohuwar dabarar php_value include_path a .htaccess tana aiki ne kawai idan PHP na zaune a cikin Apache. A tsarin FPM layin kan jawo 500 ne, sai dai a yi amfani da fayil ɗin .user.ini. Node kuwa, mai gudanar da JavaScript a saba, hawa yake yi daga foldar fayil zuwa sama yana neman node_modules, don haka npm install a foldar aikin, a kan sabar, ya wadatar.

Saura wanda ya yi gyaran daidai amma bai ga sauyi ba. Python yana riƙe duk modul ɗin da ya riga ya ɗauko a ƙwaƙwalwa, ba ya sake nemansa muddin shirin bai mutu ba, jerin ma sau ɗaya ake haɗa shi. A mod_wsgi mai WSGIDaemonProcess, buga touch a kan wsgi.py ya isa ya sa a sake ɗaukar kod, amma idan layin saitin ka sauya sai an sake tayar da Apache, kuma a fara da apachectl configtest kada kuskuren harafi ɗaya ya kashe sauran shafukan da ke sabar. A systemd, daemon-reload ne farko, sannan restart. A Passenger, touch a kan tmp/restart.txt ko maɓallin sake tayarwa na cPanel. Shi kuwa .user.ini, PHP kan sake karanta shi ne bayan daƙiƙa 300, don haka a jira minti 5 kafin a sake taɓa wani abu.